Cinikin biri a sama: sai an kira masani kafin a sayi jirgin ruwa na hannu?

Wanda bai san Kano ba zai yi mamakin jin ana maganar sayen jirgin ruwa a garin da sai an yi tafiyar kusan kilomita 1000 a mota kafin a ga teku. Amma ruwa kam muna da shi. Akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, akwai Watari ta Bagwai, da Challawa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992, da Tomas ta wajen Ɗambatta, da Kafin Ciri, ga kuma kogin Wudil. Masunta na kansu, masu fito na kansu, a wasu wuraren har da masu ɗiban yashi. Kuma in ka bi diddigin kuɗin da ake sayen jiragen nan, sau da yawa daga cikin birni suke fitowa: ɗan kasuwa a Kwari ko Singa da ke son kafa wa ƙaninsa sana'a a ƙauye, ko ƙungiyar 'yan asalin wani gari da suka yi karo-karo, ko ɗan siyasar da ya ɗauki alkawari lokacin kamfe. Mai biyan kuɗin bai taɓa tuƙa ko kwalekwale ba. Sabon jirgi da sabon inji sun yi tsada, don haka sai a koma ga na hannu, daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Lakwaja ko Yawuri. A turo hoto da ɗan bidiyo ta WhatsApp, jirgi na sheƙi, inji na ruri, dillali na cewa, "Alhaji, wallahi jiya ma an yi lodi da shi, in ba ka tura yau ba akwai mai ɗauka gobe."

A nan ne tambayar ke tasowa: a ƙara kashe kuɗi a ɗauko ƙwararre ya duba, ko a dogara da ido da kuma amanar dillali? A ganina, in dai jirgin zai ɗauki mutane ko zai ci kuɗin da rasa su zai girgiza ka, dubawa ba abin muhawara ba ne. Inda ake da magana shi ne wa zai duba, me zai duba, kuma wa zai biya shi.

Mu Kanawa ba baƙi ba ne wajen sayen kayan hannu. Ba mai hankalin da zai je sayen mota tokumbo bai ɗauki makanikensa ba, a buɗe gaba, a leƙa ƙarƙashi, a ɗan zaga gari da ita. To amma mota in ta mutu a hanyar Zariya, gangarawa gefen titi za ka yi ka kira a zo a ja ta. Jirgi in ya buɗe a tsakiyar Tiga babu gefen da za a gangara. Daɗin daɗawa, ɓangaren jikinsa da rayuka suka rataya a kai yana cikin ruwa a daidai lokacin da ake nuna maka shi. Abin da idonka ke gani shi ne fenti da kujeru, su ne kuma suka fi arhar gyarawa.

A Ingila da Amurka duba jirgi sana'a ce mai zaman kanta, har da ƙungiyoyin da ke tantance masu yin ta, irin su IIMS a Ingila da SAMS da NAMS a Amurka. Yadda suke yi, mai saye ne ke zaɓar mai dubawa kuma shi ke biyansa, galibi gwargwadon tsawon jirgin, ƙafa kaza kuɗi kaza. Ana ciro jirgin daga ruwa a duba ƙasansa, a mayar da shi a yi gwajin tafiya, sannan a rubuta rahoto da hotuna: ga aibin da tilas a gyara kafin jirgi ya sake taɓa ruwa, ga wanda zai iya jira, ga kuma ƙimar jirgin a kasuwa. Kamfanonin inshora kan nemi irin wannan rahoto kafin su karɓi tsohon jirgi. Ba sai mun kwafi tsarinsu kaf ba, jiragenmu ba irin nasu na shaƙatawa ba ne. Amma abu uku a ciki ba su da makwafi: a ciro jirgi waje, a gwada shi da nauyi, kuma mai dubawa ya zama naka.

Me ake nema in an ciro shi? Ya danganta da abin da aka ƙera shi da shi.

Jirgin faiba shi ya fi yaudarar ido, don mutane sun ɗauka roba ce, ba ta ruɓewa. Gaskiya ne zaren gilashin da ake jerawa shimfiɗa-shimfiɗa ana shafe shi da rezin, wani irin danƙo mai daskarewa, ba ya ruɓewa. Sai dai a yawancin jiragen akwai katako a ɓoye cikin faibar, musamman a allon baya inda ake rataya inji, da kuma sandunan da ke kwance ƙarƙashin daɓe suna ƙarfafa jikin. Duk ramin da aka huda don ɗaure noti ƙofa ce ga ruwa in ba a toshe shi da kyau ba. Ruwa ya shiga, katako ya jiƙa, shekara da shekaru yana laushi, waje kuwa sumul. Allon bayan nan shi ke ɗauke da nauyin inji da duk ƙarfin turinsa. Masani zai ɗaga ƙafar injin ya danna ta da nauyin jikinsa yana kallon allon: in ya motsa ko ya lanƙwasa, magana ta ƙare. Zai duba kusurwoyi ko da tsaga, zai kwance noti ɗaya ya ga ko ruwa mai launin shayi zai tsatso. Sannan ya bi jikin jirgin kaf da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri amonsa tsaf yake, inda shimfiɗun suka rabu ko ruwa ya kwanta kuwa sai ka ji amon ya mutu. Akwai na'urar auna danshi da ake ɗorawa a jiki, amma ita ma sai wanda ya san ta, don jirgin da aka ciro yanzu-yanzu ko'ina zai nuna jiƙe. Wasu jiragen akan ga ƙuraje sun fito musu a ƙasa, alamar ruwa ya ratsa fatar waje. Ƙananan ƙuraje ba kasafai suke nutsar da jirgi ba, sai dai dalili ne na rage farashi. Wanda ya fi su haɗari ba ya ma fitowa fili: soson da ake cusawa ƙarƙashin daɓe don jirgi ya yi iyo ko da ya cika da ruwa. In soson ya sha ruwa, jirgi na yawo da nauyin da ba wanda ya ɗora masa, kuma ranar da ake buƙatar soson ya yi aikinsa ba zai yi ba.

Wannan batu na faiba zai ƙara shafar mu nan gaba. Ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa da aka ƙirƙiro a 2023 tana ta kira da a bar jiragen katako wajen ɗaukar fasinja a koma na faiba da alminiyam. Kiran na da ma'ana, amma abin da zai biyo baya a bayyane yake: tsofaffin jiragen faiba da suka gama wahala a Kudu za a wanke su, a fesa musu fenti, a loda su zuwa Arewa da sunan ci gaba.

Jirgin katako kuwa bai iya ɓoye sirri kamar faiba ba, in dai an sami wanda ya san inda zai taɓa. Basilla ko bakin sukudireba ya isa. Lafiyayyen katako zai ƙi karɓa, ruɓaɓɓe kuwa sai ƙarfen ya shige ba gardama. Wuraren da ake tuhuma su ne ƙashin bayan jirgin, da gindin haƙarƙarinsa inda ruwa ke kwanciya, da layin nan da wani lokaci yake cikin ruwa wani lokaci yake waje, don jiƙa da bushewa su ke kawo ruɓa. Ruwan daɗi irin namu ma ya fi na gishiri saurin ruɓar da katako, ko da yake na gishiri na da tasa tsutsar mai huda katako daga ciki. Sai ƙusoshi. Jirgi na iya zama da katako garau amma ƙusoshin da ke riƙe da shi sun cinye sun koma kamar zare. Alamar ita ce tsatsa na zubo hawaye daga kan ƙusa, kuma mai dubawa na gaske zai nemi izini ya zare biyu ko uku daga ƙasa ya gani da idonsa. Sabuwar kwalta mai kauri da aka malala a wuri ɗaya, ko facin langa-langa, tambaya ce da ke neman amsa. In jirgin ya daɗe a kife a bakin gaɓa, a duba gara.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Katakon da ya saba zama cikin ruwa a ƙasa mai danshi, in aka ɗora shi a tirela ya yi kwanaki a hanya, ya iso Kano cikin hunturu ko tsakiyar bazara, zai tsuke, haɗe-haɗensa su buɗe. Wannan ba lallai aibi ba ne, sau da yawa in ya kwana biyu cikin ruwa sai ya kumbura ya rufe. Amma kada a sauke shi yau a ɗebi mutane gobe.

Na ƙarfe da na alminiyam maganarsu gajera ce: kauri da walda. Akwai 'yar na'ura mai auna kaurin ƙarfe da sauti ba tare da an huda ba, ita ke nuna inda tsatsa ta cinye daga ciki. A alminiyam kuma a lura da inda aka haɗa shi da wani ƙarfe daban, kamar notin baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, don a cikin ruwa ɗaya kan cinye ɗaya, alminiyam ɗin ne kuma ke shan kashi.

Yanzu sai inji, wanda a ƙananan jirage sau da yawa ya fi gangar jirgin tsada. Ya kamata a sani cewa ko a ƙasashen da sana'ar ta kafu, mai duba jiki daban, makaniken inji daban. Injinan da suka fi yawa a ruwayenmu su ne na ratayawa a baya, irin Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai. Abu na farko, ka sa hannu ka taɓa injin kafin a tayar. In ka ji ɗumi, an riga ka, an tayar da shi tun kafin ka iso don kada ka ga wahalar tashinsa. A dawo gobe da sassafe. Makanike zai cire fulogi ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna, in ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana a fistin ko ringi. Zai kwance notin man giya da ke can ƙasa kusa da farfela: in man ya fito fari-fari, ruwa na shiga, in kuma akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikin notin, giya na cin kanta. Zai kalli ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya yayin aiki, wanda ke nuna famfon sanyaya na aiki. In mai sayarwa ya tayar maka da inji a busasshiyar ƙasa don ka ji ƙararsa, ka san bai damu da injin ba, don robar famfon nan cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa in babu ruwa.

Tayarwa a cikin duron ruwa ya fi babu, amma ba gwaji ba ne. Inji na iya yin waƙa mai daɗi a duro, ya shiga ruwa da nauyi ya shaƙe. Sai an rataya shi a jirgi, an ɗora kaya, an buɗe masa wuta na tsawon lokacin da zai yi zafi sosai, sannan halinsa ke fitowa. Injin da ya yi rayuwarsa a ruwan gishiri na Legas ko yankin Neja Delta kuma a ƙara masa ido: gishiri na toshe hanyoyin ruwan cikinsa, yana kama notuna su ƙi kwancewa har su karye. A duba farantin lambarsa. In an kankare ko an cire, ka bar shi ko nawa aka rage, don satar injin jirgi sananniyar sana'a ce a bakin ruwa, kuma 'yan sanda ba sa tambayar nawa ka saya. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda mutane suka fi mantawa: in ya lalace a Bagwai ko Rurum, wa zai gyara, ina kayan gyaran? Sabbin injina masu kwamfuta suna da tsimin mai, suna ma iya nuna awannin da suka yi aiki in an jona musu na'ura, amma inji mai sauƙi da makaniken bakin ruwa ya sani ciki da waje zai iya fi maka amfani.

Duk wannan lafiyar jirgi ce. Akwai tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ba kasafai masu saye ke yi ba: mutum nawa zai ɗauka?

Kanawa ba sa buƙatar a tuna musu da ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Bagwai da mutanen da suka taso daga Badau za su Maulidi, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa aƙalla mutum 29. Abin da aka fi dangantawa da haɗarin shi ne lodi fiye da kima. A watan Mayun shekarar, wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a kogin Neja kusa da Warra a jihar Kebbi. A Yunin 2023 kuma sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya ji ƙansu. Wani zai ce, to ai ka gani, matsalar lodi ce da tafiyar dare, ba ta duba jirgi ba. Rabin maganar gaskiya ne. Sauran rabin shi ne, ba a cewa lodi ya wuce kima sai an san kimar, kuma yawancin jiragen da ake ƙerawa a gida ba wanda ya taɓa rubuta musu kima. A Amurka doka ta wajabta wa masu ƙera ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su manna faranti mai nuna iyakar mutane da nauyi da ƙarfin inji. A manyan jiragen teku kuma akwai layin da ake zanawa a jiki, wanda in ruwa ya haura shi an yi laifi. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta fafutika har aka sa shi a doka a 1876, bayan jiragen da ake cikawa maƙil sun yi ta hallaka ma'aikata. Jirginka na Tiga ma yana iya samun nasa layin, da fenti na 'yan kuɗi kaɗan.

Hanyar ba ta da wuya. In ana lissafin babban mutum a kilo 75, fasinja 20 kilo 1500 ke nan, wato buhu 30 na yashi mai kilo 50. A jera su inda mutane za su zauna, kusa da gaɓa, a ga nawa ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, a matsar da wasu gefe ɗaya a ga yadda zai karkata, don mutane ba buhu ba ne, in sun tsorata gefe ɗaya suke rugawa. Masani ne zai ce ga inda za a tsaya, ya bar rarar da za ta ɗauki igiyar ruwa in iska ta taso da yamma. A nan ne kuma ɗan yoyon da dillali ke cewa "ba komai, kowane jirgi na yi" ke nuna girmansa. Ɗauki jirgi mai daɓen mita 6 a tsawo da mita 1.5 a faɗi. In ruwa ya taru a ciki santimita 10, wato bai wuce idon sawu ba, nauyinsa kilo 900 ne, daidai da manya 12 da ba su biya kuɗin fito ba. Kuma ruwan ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake bi ya ƙara danne shi.

To wa zai yi wannan dubawa? Mai takardar shaidar duba jirage an fi samunsa inda manyan jirage suke, Legas da Fatakwal da Warri. In jirgin da za ka saya babba ne, na faiba ko ƙarfe, kuma can yake, to can za a nemi masani a duba shi kafin ya hau tirela. Kuskure ne babba a kawo jirgi Kano sannan a duba, don in ya iso kuɗin mota ya riga ya ɗaure ka, mayar da shi wata asarar ce, mai sayarwa kuma ya san da haka. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin rajista da ba da lasisi ga jiragen cikin gida, ita ce kuma ta wajabta rigar ruwa mai hana nutsewa, ta hana tafiyar dare. Ka tambayi takardun jirgin na hukuma, in na waje ne har da na kwastan. Amma kada ka ɗauki takardar rajista a matsayin shaidar lafiya. Ita tana magana ne a kan ranar da aka ba da ita, ba ta kuma gaya maka ko farashin ya dace.

In kuwa jirgin katako ne na fito ko na su, ba na jin sai an ɗauko mai digiri. Tsohon maƙerin jirgi daga Yawuri ko bakin tafkin Kainji, wanda ya shekara da shekaru yana buga ƙusa a irin wannan katako, ya fi mai na'ura sanin inda yake ciwo. Haɗa shi da makaniken injin ruwa, ba na janareta ko babur ba, ka sami abin da kake so. Sharaɗin ɗaya ne: kada ya zama mutumin mai jirgi, kada dillali ne ya kawo shi. Ba wai dillali maƙaryaci ba ne. La'adarsa ce ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma ɗan'adam ba ya ganin aibin abin da abincinsa ke ciki. Haka ma a yi hattara da mai duban da ke sa ran shi za a ba gyaran, shi kuma aibi zai yi ta gani har inda babu. Ka biya shi ladansa a yanke tun farko, ko an saya ko an fasa. Ka sa ya faɗi abin da ya gani a rubuce, ko a naɗi muryarsa a waya yana nuna wurin. Sarkin Ruwa na wurin da jirgin ya yi aiki shi ma abin gaisarwa ne. Mutanen bakin ruwa sun san tarihin kowane jirgi, sun san wanda ya taɓa nutsewa aka ciro, sun san wanda ake rigimar gado a kansa.

Akwai masu cewa, ai in na ga aibi daga baya sai in mayar masa, shari'a ta ba ni dama. A nan a yi hankali. Gaskiya ne a fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ɓoyewa algus ne, kuma mai saye na da zaɓin mayarwa in ya gano tsohon aibi. Amma a Muktasar na Shehu Halil an ware wani nau'i: aibin da ba a iya ganowa sai an fasa ko an yanka abin. Misalin da aka fara kawowa kuwa shi ne cin ƙwaro a cikin katako, sannan ɓacin ƙwaya a cikin ɓawonta da ɗacin gurji. Irin wannan ba a mayarwa saboda shi, ba a kuma biyan bambanci, tunda mai saye da mai sayarwa duk ba su da hanyar saninsa, sai fa in an gindaya sharaɗi tun farko. Ka ga ruɓar da ke cikin allon bayan jirgin faiba ta yi kama da wannan misali ƙwarai. Ko da ma kana da gaskiya, kai kana Fagge, shi yana Warri, a gaban wane alƙali za ku tsaya?

Mafita ita ce sharaɗin. Shari'a ta yarda da ciniki bisa zaɓi, a yanka wa'adi don a gwada kaya. A rubuta a takarda gaban shaidu cewa ciniki bai faɗa ba sai an ciro jirgi an duba, an gwada shi da nauyi, kuma in mai saye bai gamsu ba kafin alƙalaminsa zai dawo. A rubuta lambar inji da duk abin da ke cikin cinikin: tankin mai, anga, igiya, farfela, rigunan ruwa in akwai. A fayyace wanda zai biya kuɗin cirowa da man gwaji, bisa al'ada mai saye ne. Mai jirgin da ya ƙi yarda a ciro jirginsa, ko ya ce sai dai a duba a cikin ruwa, ya riga ya ba ka rahoto kyauta.

Yaushe ne za a iya haƙura da duk wannan? Ƙaramin kwalekwalen da masunci ɗaya zai shiga, wanda mutum biyu za su iya kifar da shi a gaɓa su ga cikinsa da bayansa, ba ya buƙatar kowa sai masuncin da zai yi aiki da shi. In kuɗin kawo masani ya kusa kuɗin jirgin kansa, kuma ba fasinja zai ɗauka ba, lissafi bai ba da a kawo shi ba. Amma mutane kan yi lissafin a karkace, su auna ladan mai dubawa da farashin jirgi kawai. Abin da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikelin shi ne farashin jirgi, da kuɗin tirela, da gyaran da zai ɓullo, da watannin da zai yi a ajiye ba ya kawo ko sisi. Sau da yawa ma ladan daga jikin cinikin yake fita. Tsohon jirgi ba ya rasa aibi, kuma wanda ya zo da jerin aibobi a rubuce da ƙiyasin gyaransu ya fi wanda ya zo da "Alhaji, a duba Allah a rage" ƙarfin taya.

Sai dai kada a ɗora wa rahoto abin da ba zai iya ba. Mai dubawa ba ya farke jirgi, abin da hannunsa da na'urarsa suka kai gare shi kawai zai faɗa, kuma na ranar ne. Ba zai hana matuƙi ƙara mutum goma ranar kasuwa ba, ba zai kawar da kututturan bishiyoyin da ruwan madatsa ya shanye ba, waɗanda ke leƙowa in ruwa ya ja baya da rani. Kuma tsakanin ranar dubawa da ranar shiga ruwa akwai hanyar Lakwaja zuwa Abuja zuwa Kaduna. Jirgi an yi shi ne ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. In aka ɗora shi a kan katako biyu a bayan tirela, aka ɗaure shi tamau, ya sha ramuka, yana iya tsagewa a inda da lafiya lau yake. A sa mai dubawa ya tsaya a kan lodin, a cire inji a ɗaure shi daban a tsaye ko a kwantar da shi ta gefen da kamfanin ya ce. In ya iso, a sake bin ƙasansa da guduma kafin a tura shi ruwa, a bar shi ya kwana a ɗaure a gaɓa babu kowa ciki, da safe a zo a ga ruwan da ya tara.